Na'urar da Ba Ta Aiki Sai Kaka Na Zaune

Kakana bai taɓa barin abu a sake ba. Akuya, bakin buhu, ƙyauren zaure, igiyar guga, duk sai ya ɗaure ya ja ya ji sun kama kafin ya juya baya. Dillalin shanu ne a kasuwar Dakoro tun kafin a haifi uwata, da ya tsufa kuma ƙungiyar makiyayan garinmu ta naɗa shi shugaba, kowa na ce masa perzidan. Ni ce jikarsa ta fari, don haka tun ina tatata yake kirana amarya, ni kuma in ce angon nan ya tsufa, a canza mini wani.

Abu ɗaya ne ba ya fashi a shekararsa. Da damina ta sauka sai ya naɗe tabarmarsa ya tafi arewa, wajen Tagriss, gun wansa. Wan nan shi ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma shanun kaka duk a hannunsa suke kiwo. A shekarar da nake ba da labari wan ya makance, jiki ya yi rauni, tun da bazara ya aiko cewa bana a zo da wuri. Kaka ya ce in sha Allahu ruwan farko a hanya zai dake shi.

A wannan bazarar ce na zo hutu daga Maradi, inda nake aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda mu a nan muke kira ordinatar. 'Yan ƙungiya suka tare ni da bukatarsu. Dabbobi na ɓata, musamman in garkuna sun fara gangarawa arewa, kuma kafin cigiya ta bi baki ta kai ranar kasuwa, saniyar ta zama kilishi a wani gari. Suna son lamba guda wadda mutum zai kira da salularsa, ya faɗi kamannin dabbarsa, na'ura ta ajiye muryar ta tura wa kowane ɗan ƙungiya. Na ce wannan ai ba wani abu ba ne. Ina jin daɗin faɗar haka a gaban tsofaffi.

Na raba aikin gida uku, kowanne a cikin abin da muke kira kwantena. A sana'armu kwantena ɗan ɗaki ne rufaffe a cikin na'ura, inda ake zaunar da manhaja guda da duk kayan aikinta don kada ta taɓa na maƙwabciyarta. Ɗaya na ɗaukar waya, ɗaya na ajiye muryoyi, na ukun na rabawa. Sai kuma manhajar da ke kora su, ta tashi wannan kafin wancan, ta nuna wa kowa wanda zai yi magana da shi. A wajen zaɓen mai korar nan na yi taƙama. Wadda yawancin mutane suka saba da ita tana da wani babban bara wanda ba ya barci, mabuɗan gidan duk a aljihunsa, in ya faɗi kowa ya faɗi, in ɓarawo ya kama shi ya kama gida. Wadda na zaɓa kyauta ce, an bar cikinta a fili kowa ya duba, kuma ba ta da wannan bara sam. Kowace kwantena da sunan wani mutum talaka take aiki, iyakar ikonsa iyakar ikonta.

Ranar da zan koma Maradi aka tara 'yan kwamiti a biron ƙungiya, wato ofishinta, ɗan ɗakin ƙasa mai rufin kwano a bakin kasuwar dabbobi, na yi musu wannan bayani. Ya yi musu daɗi ƙwarai. Wani tsoho ya ce haka Allah ya tsara duniya, kowa da garkensa. Sai mataimakin kaka, wani dillalin raƙuma wanda ba ya barin taro ya tashi bai yi tambaya ba, ya gyara rawani.

"To 'yar nan, tunda kowa da garke nai, wanga garken wa na?"

Na ce da sunana yake aiki.

"Ke da ka Maradi?"

Na ce na'ura ba ruwanta da inda nake. Aka dube ni irin kallon da ake yi wa baƙon da ya ci da hagu. Dabba tana Dakoro, mai ita tana Maradi, kuma babu wanda aka damƙa wa kiwo, wannan a wurinsu yasasshen abu ne. Aka yanke cewa a mayar da garke sunan perzidan. Direban motar Maradi na ta danna ham a bakin hanya, ni kuma ina kwashe kwantenoni daga sunana ina zubawa a sabon sunan da na buɗe wa kaka. Na gwada, lamba ta amsa. Na koya masa kalmar sirri, wadda shi yake kira kod, na kuma ba shi gargaɗi biyu irin wanda ake ba kowa: kada ya faɗa wa kowa kod ɗin, kuma in ya tashi daga kujera ya rufe sunansa. Ban nemi rantsuwa ba. Shi ya ɗaga hannu a gaban kwamiti ya rantse da Allah a kan duka biyun, har da ƙarin tallahi. Na ce Allah ya bar mu tare angona, na ruga na shiga mota.

Ga abin da ke ƙarƙashin maganar. Tunda babu baran da ke zaune dare da rana, kwantenonin mutum a jikin zamansa suke rataye. In ya buɗe sunansa su tashi, in ya rufe na'ura ta share duk ayyukansa, ta ɗauka ya tafi gida ke nan. Akwai umarni ɗan layi guda da ke ce wa na'ura ta ci gaba da riƙe ayyukan wane ko ya fita. Na ba sunana wannan izini tun farko. Amma izinin kowane suna daban ne, kuma sunan kaka jariri ne da aka haifa ana danna ham. Har gobe ina cewa laifin direban nan ne da mataimaki.

Mai karatu zai ce ai da sun gaya mini. Na yi ta kira. In na ce Kaka ina aiki, sai ya ce da godiya. Yaya na'ura, lafiya lau. In na kashe sai in kira lambar cigiya in gwada, ta amsa tsaf, saboda duk lokacin da nake samunsa a waya yana zaune a kujerar. A garinmu kuwa ba a sa matsala a cikin gaisuwa, ko gidan mutum ne ke cin wuta sai ya ce lafiya lau tukuna. Haka na zauna a Maradi ina gaya wa abokan aikina yadda na kai wa makiyaya ci gaba.

Sai da damina ta yi nisa, gero ya kai gwiwa, uwata ta kira ni. Ita ba ta faɗin sunana, kunyar 'yar fari.

"Ke, ki zaka ki kwance mijinki."

Na ce daga ina.

"Daga abin da kinka ɗaure shi. Har yanzu bai tahi wajen Baffa ba."

A mota na yi ta juya maganar ban gane ba. Sauran labarin a bakinta na ji shi da na iso, tana dama fura tana faɗa ba ta ko murmusa ba, ni kuwa ina riƙe ciki don dariya.

Tun makon farko mutane suka lura cewa in perzidan na zaune lamba na amsawa, in ya fita masallaci sai ta mutu. Makiyayi mutum ne mai lura, da lura yake ci. Suka fara gwaji. Aka zaunar da mataimaki a kujerar, shiru. Aka ɗora hular kaka a kan kujerar, shiru. Aka ƙara takalmansa a ƙasa, aka jingina sandarsa, har wani ya kawo shawarar a cusa wa rigarsa kara a zaunar da ita kamar mutum-mutumin korar tsuntsu. Ba abin da ya motsa. Amma da kaka ya dawo ya zauna sai komai ya farka.

Kuma yadda yake farkar da ita ya ƙara wa abin gishiri. Saboda rantsuwar da ya yi, ba ya son ko ƙuda ya ga yatsunsa, sai ya ɗaga babbar rigarsa ya lulluɓe kansa da na'urar gaba ɗaya. Ido ya yi rauni, sai ya riƙa maimaita kod ɗin ƙasa-ƙasa yana laluben maɓallai. Na waje abin da suke gani shi ne tsoho ya shige riga yana motsa baki, can sai ya fito yana gumi, waya ta fara amsawa. Wa zai ce musu ba tofi ba ne? Kaka bai ce tofi ne ba, mutum ne mai tsoron ƙarya. Amma bai ce ba shi ba ne.

Daga nan tashinsa ya zama al'amarin jama'a. Na ce masa in ya tashi ya rufe, shi kuma ya rantse, saboda haka ko miƙewa zai yi ya karɓi buta sai ya rufe suna. Wata rana ya sha fura mai tsami cikinsa ya ɓaci, ya wuni yana zarya, a ranar kuwa raƙumar wani mutumin Kornaka ta ɓata, ya kira ya kira ba amsa. Kwamiti ya zauna a kan cikin kakana. Aka hana shi wake, aka hana shi nono mai tsami, aka sa uwata ta riƙa kawo tuwon da ba yaji. In zai zaga bayan gida sai a leƙa a sanar da na bakin kasuwa, labari ya bi gari. Uwata ta ce da kunnenta ta ji wata mata a rijiya tana ce wa mijinta kada ya ɓata kuɗin wayarsa yanzu, perzidan ya zaga. Salla kuwa, an je wajen liman aka yi doguwar muhawara, a ƙarshe aka samo masa sauƙin da ake yi wa marar lafiya, yana yin azahar da la'asar a zaune a kujerar. Juma'a kaɗai aka bar masa, kuma dabbobin ƙasar nan an roƙe su da kada su ɓata a lokacin huɗuba.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya bi, garkuna suka wuce arewa ta gefen gari yana jin kukansu daga cikin biro. Lokacin ne dabbobi suka fi ɓata, lokacin ne kuma aka fi bukatarsa a kujera. Duk ranar da ya ce gobe zai tafi, sai wani ya shigo da hawaye a kan bijiminsa. Daga Tagriss saƙo na zuwa, shi kuma yana cewa mako mai zuwa.

Da na nufi biron da hantsi sai na iske layi a ƙofa. Wani da rediyo a hammata, wata da kan keken ɗinki a ka, wata tsohuwa da kazar da ta daina ƙwai. Dalili kuwa, an taɓa kawo wani babur da ya ƙi tashi, mai shi ya roƙi kaka ya ɗan lulluɓa masa riga. Kaka ya ce shi bai san komai ba, mutumin ya nace, aka tura babur har gaban kujera, aka lulluɓe, aka taka ya tashi. Ban san me ya tashe shi ba, babur dai ka san halinsa. Tun daga ranar rigar kakana ba ta huta ba.

Na shiga. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura don zama, ga tabarma da buta da kwanon tuwo a gefe. Dariyar da na taho da ita ta gushe.

"A'a, amarya ta zo biko," in ji shi.

"Wane biko, angon da anka ɗaure a turke? Kaka, mi ya sa ba ka gaya min ba?"

"Kin tambaye ni lahiya, kuma lahiya lau nike."

Na ce ya matsa in duba, ya ce in ya matsa sai ya rufe. Na duba ta saman kafaɗarsa. Cikin ɗan lokaci na ga abin da ya faru, na ji kamar in fita in nemo direban nan. Na yi masa bayani da murya mai sanyi, na ce layi guda zan rubuta, daga nan ya rufe sunansa ya tafi ko Makka ne, kwantenoni za su ci gaba da aikinsu. Na ɗauka zai yi hamdala. Sai ya dube ni irin kallon da yake yi wa saniyar da aka shafa wa mai don ta yi ƙyalli.

"Da sunan wa za su aikin?"

"Da naka mana."

"Ni ba ni nan?"

"Shi na amfanin abin, Kaka."

Ya girgiza kai. Ya ce tun yana saurayi a kasuwar nan bai taɓa bari a sa sunansa a cinikin da bai buɗe bakin dabbar ya ga haƙoranta ba. Dillali ba shi da gona ba shi da rumbu, sunansa ne jarinsa, in ya ce saniya ba ta sata ba ce to a kan bakinsa ake sayenta. Yanzu a ce ɓarawo ya kira ya yi cigiyar saniyar mutane kamar tasa ce, na'ura ta watsa da sunansa, shi yana can Tagriss yana shan nono?

Na ce ko yana zaune ma ai ba ya jin abin da ake faɗa, na'ura ce ke ɗauka.

"Amma ina zamne."

Na ce sunan ma a can cikin na'ura yake, ba mai ganinsa.

"Allah na gani."

Na fita waje na sha iska, don in na tsaya zan faɗi abin da ko jika ba a yafe mata. Tsohuwar mai kaza ta tambaye ni ko layi zai motsa.

Washegari aka sake tara kwamiti, kaka na kujerarsa. Na ce to a mayar da garke sunan wani. Mataimaki ya yi gyaran murya ya ce shi don Allah zai sadaukar da nasa. Nan take aka tuna da wani raƙumi mai ido ɗaya da ya taɓa sayarwa ta gefen mai kyau, magana ta mutu. Na ce a mayar sunana, aka ce an wuce nan. Na ce to akwai hanya mai kyau wadda ma ita muka fi bi a wurin aiki, a buɗe suna wanda ba na kowa ba, suna kawai, aikinsa riƙe kwantenoni. Liman, wanda aka gayyato saboda maganar ta taɓa rantsuwa, ya tambaye ni cikin natsuwa, in abin ya cuci wani, ranar lahira wa za a tsayar. Ban karanta wannan a lakwal, makarantarmu ta boko, ba.

Wani tsoho daga baya ya ce shi ya ga mafita. A sa sunan marigayi tsohon sarkin kasuwa, mutumin kirki ne, kowa ya yarda da shi, kuma shi dai ba zai ƙara tashi daga inda yake ba. Wallahi sai da aka ɗan auna maganar. Liman ne ya ce bawan Allah na can yana fama da nasa hisabin, kada a ƙara masa da awakin Dakoro. Aka shafa fatiha aka watse, tsugune ba ta ƙare ba.

A ranar da yamma wani ɗan'uwanmu ya sauko daga arewa da saƙo. Wan kaka ya daina cin abinci sai ɗan ruwan fura. Kuma kullum yana tambayar masu wucewa ko ruwa ya cinye hanyar Dakoro ne, don shi a saninsa ba abin da zai hana ƙanensa zuwa sai hanya ta yanke. Ina tsaye aka faɗa wa kaka. Ya sa hannu yana shafa gefen teburin. Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji haushinsa daidai da haka, na rasa wanda zan fara nunawa.

Uwata ce ta kawo tuwo, ta ajiye, ta durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, amma ba ta tashi ba. Duk wannan rikici ba ta taɓa sa baki a gabansa ba.

"Baba, in tambaye ka?"

"Ina ji."

"Shanunka da ka wajen Baffa, alamar wa ta a jikinsu?"

"Tawa ta."

"Tun ina yarinya suna yawo da ita, har ƙasar Abzin, kai kana nan. Ban taɓa ji ka ce a goge ta ba don ba ka wurin."

"Waɗancan da mai dubinsu," in ji kaka. "Na damƙa kiwo."

"Mai dubinsu ya makance, Baba. Alamarka na nan jikinsu, shi kuwa kai shika jira."

Ta tashi ta ɗauki kwanon jiya ta fita. Kaka ya daɗe yana kallon ƙofar. Can ya ce a kira masa mataimaki da liman, a kuma samo masa igiya.

Na ɗauka kaina za a ɗaure. Ashe damƙa kiwo zai yi, yadda ake yi tun kakanni, a gaban shaidu. Ya sunkuya daga zaune ya ɗaura igiyar a ƙafar teburin da na'urar ke kai, ya ja ya ji ta kama, ya miƙo mini ɗaya bakin.

"Ku shaida. Garken ga nawa na, alamata ta a jiki nai. Na ba jikata kiwo. In ya shiga gonar wani, ita za a kama, sannan a zaka gare ni."

Mataimaki ya buɗe baki zai ce ai tana Maradi, liman ya ce makiyayi ai dama ba ya zama gida. Ni da na yi karatun na'ura har na fara koya wa wasu, na tsaya a tsakiyar ɗaki riƙe da igiyar akuya na ce na karɓa. Sannan na sake ta na rubuta layin nan guda. Ko minti bai ɗauka ba.

Kaka ya lulluɓa riga, ya rufe sunansa, ya fito. Ya dafa tebur ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa na ƙara. Mataimaki ya kira lambar cigiya ya sa a babbar murya, sai ga ta ta amsa, tana cewa a faɗi kamannin dabba. Kaka ya ce ai bai yi nisa ba, ɗuminsa na nan a kujera. Ya fita ƙofa, ya ce a sake kira. Ta amsa. Ya tsallaka hanya ya tsaya wajen masu sayar da igiya, ya ɗaga hannu, aka kira, ta amsa. Ya tafi har gindin bishiyar bedin masallaci, jama'a na biye da shi kamar ana rakiyar ango, nan ma ta amsa da muryarta ɗaya, ba ta ko san ya tashi ba.

Da muka dawo layin ƙofa ya watse. Mai rediyo ya tafi wajen mai gyara, mai keken ɗinki ta ɗora kayanta a ka. Tsohuwar mai kaza ce kaɗai ta rage, ita ma barci ne ya ɗauke ta. Kaka ya tsaya yana kallon wurin da layin yake.

"Ashe ba ni ba ne," ya ce, ba da ni yake ba.

Na so in yi masa wasa, in ce ango ka rage daraja, amma na fasa. Na kwance shi, na kuma ƙwace masa wani abu, duka da layi guda, kuma ban ji daɗin na biyun ba. Na ce masa dai rigar na bukatar wanki. Ya ce rigar ta yi aikin da ban yi ba.

Da safe ya shiga motar da ke zuwa arewa, tabarma a naɗe, an ɗaure ta da igiya har wuri uku. Ni ma na koma Maradi.

Sai kuma wata sabuwa. A can inda suke ba a samun rezon waya sai an hau wani tudu, kaka kuwa kullum sai ya hau, ya kira lambar cigiya don ya ji ko garkensa na nan. Na'ura ba ta san gwaji ba, duk abin da aka faɗa mata cigiya ne, sai ta ajiye ta raba. Saboda haka kowane ɗan ƙungiya, daga Dakoro har Kornaka, kullum sai wayarsa ta yi ƙara, ya bar abin da yake yi ya saurara, ya ji muryar perzidan cikin iska: "Ni na. Kana nan? To madalla." Mataimaki ya kira ni ya ce in yi wani abu, ni ce makiyayiya. Na ce mai garke na da ikon leƙa garkensa. A raina kuwa na san abin da yake hawa tudun nan yana fata, ko sau ɗaya abin ya ƙi amsawa.

Wata rana da hantsi ina wurin aiki wayata ta yi irin ƙarar nan. Na kai kunne ina murmushi tun kafin ya fara.

"Salamu alaikum. Ni na, perzidan. Ba dabba ta ɓace ba. Wana na, Allah ya yi mishi cikawa da sahiyar ga. Na iske shi da rai. Ya gane muryata tun daga waje, ya ce ashe an gyara hanya. Mun sha hura tare kwana da kwanaki. Da hannuna na ruhe mishi ido."

 Ina jin iska da kukan shanu a bayansa, na ɗauka ya gama. Sai ya ƙara, murya ta sauka.

"Amarya, ban san lambar kowa da ka ba sai wagga. In abin ga na aiki, a gaya ma mutane."

Na fita daga ofis ina kuka, na kira wayarsa in ce masa ya yi aiki, kowa ya ji. Ba ta shiga ba, ya riga ya sauko daga tudun. Amsar da ya samu ita ce baburan da suka fara ɓullowa daga kudu kafin la'asar, biyu-biyu uku-uku a kan kowanne, mutanen Dakoro da na Kornaka sun zo gaisuwa. Ɗan'uwanmu da ke wurin ya ce na gaba duka shi ne baburin nan da ya taɓa tashi a ƙarƙashin rigarsa, mataimaki na goye a baya yana riƙe da rawani.